Tukuna

Shekara uku ke nan da na sayi igiyar wuya
a wata kasuwar bakin ruwa a Callao,
ja ce, ta fata, da 'yar ƙararrawa.
Mai sayarwa ya ce, "Yaya sunan karen?"
Na ce, "Tukuna."
Ya gyaɗa kai, ya ɗauka sunan ke nan.

Tana nan a aljihun tebur
tare da fasfo da takardun albashi.
Ni kuku ne a jirgin dakon kaya,
kwana arba'in a teku, goma a tudu.
Ina yanka wa ƙarti ashirin da biyu albasa,
tukunya na rawa, ni ma ina rawa.
Wane kare ne zai ƙirga kwana arba'in?
An ce shi bai san "sai na dawo" ba.
In ka ja ƙofa, ka mutu ke nan a wurinsa,
in ka buɗe, ka taso daga kabari.
Sau nawa zan mutu masa a shekara?

Ɗakina na can ƙololuwar Valparaíso,
matakala ɗari da sha huɗu daga titi.
Gado, kujera, risho, taga mai kallon jirage.
Ranar da Doña Fresia ta miƙo mini makulli
ta gindaya sharuɗɗa uku:
ba kiɗa bayan ƙarfe goma,
ba suyar kifi da taga a rufe,
ba kare.
Ita kuwa tana da aku mai zagin maƙwabta.

Na tuntuɓi ƙanwata Ximena a waya.
Ta ce, "Kai da tumatir ya bushe maka a gwangwani?
Fara raya ganye tukuna."
Ban ji haushi ba. Tumatirin ya bushe.

Amma garin nan cike yake da karnuka
waɗanda ba na kowa ba, kuma na kowa.
Akwai wani, ruwan ƙasa, kunne ɗaya a yage,
da ke kwana ƙarƙashin teburin kifin Eleuterio.
Duk ranar da na sauka da jakata
sai ya taso, ya yi miƙa, ya sunsuni ƙafata.
An ce in kare na sunsunar takalmi, ɗauka zai yi.
Wannan bai ɗauki takalmin ba,
mai takalmin ya ɗauke.

Yakan raka ni har matakala ta sittin,
nan yake tsayawa, ko taku ɗaya ba ya ƙarawa.
Nan zan zauna in mai da numfashi,
in ɓare masa burodi da guntun nama.
Eleuterio ya ce, "Kai ne na biyar a layi.
Mai gasa burodi na da suna da take kiransa,
direban bas ma haka, da yaran makaranta.
Mai gari guda za ka kulle a ɗaki ɗaya?"

Na yi lissafi a bayan takardar cefane:
saura shekara shida in bar teku.
Ɗan gida a Quilpué, ko da na katako ne,
da tsakar gida mai faɗin tabarma huɗu,
da bishiyar lemo, in Allah ya yarda.
Sai dai furfura ta riga ta fito masa a baki.
Shekara shida tawa ce, ba tasa ba.

Daren jiya na sa igiyar a aljihu,
na sauko a hankali har ta sittin.
Ƙararrawar ta yi ƙara tun ban ciro ta ba.
Ya ɗaga lafiyayyen kunnen,
ya dube ni, ya dubi aljihun.
Na bar hannuna a ciki.

Ranar Alhamis jirgi zai tashi.
Na ce masa, "Tukuna."
Sai ya kaɗa jela.